Ƙahon da Na Kai Amurka

Duk wanda ya san ni a unguwar Moduganari ta Maiduguri ya san ni da abu biyu, fenti da surutu. Sunana Sale, amma in kana nemana sai ka ce Sale Mai Zaki, saboda zakin da nake zanawa a bayan manyan motoci, wanda wani direba ya rantse mini cewa ya taɓa korar 'yan fashi a hanyar Damaturu ba tare da ya buɗe baki ba. Shekara talatin ina wannan sana'a, har injin buga hoto ya shigo gari ya mayar da burushina abin korar ƙuda. A nan ne 'yata da ke Amurka ta ce in zo. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Inna nake ce mata. Nas ce a wani ƙaramin asibitin yara, kuma likitar da ke da wurin tana neman mai ƙawata mata bango. Takardar da aka ba ni ta baƙunta ce, ba ta yarda in karɓi ko sisi ba, sai na ce to sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin iyaye.

Ba zan ɓata muku lokaci da sallama da koke-koke ba. Zan fara daga inda ƙafata ta taka ƙasarsu, don tun a nan aka nuna mini alama, ni ne ban iya karatu ba.

A filin jirgi wani kare ya tare ni, kare mai ƙiba da sheƙi, wanda da a Limanti yake da tuni an naɗa shi mai unguwa. Ya shinshina jakata ya zauna. Zaman nan nasa shi ya cinye mini bandar kifin Baga da kilishi da daddawar da matata Ya Falmata ta kwana uku tana ƙullawa. Ma'aikacin da ke riƙe da karen ya zuba su cikin kwandon shara ina kallo, kamar ana binne ɗan'uwana. Daga nan hannunsa ya kai kan wani ƙullin tsumma a ƙasan jaka. Ya warware, sai ga ƙaho.

Ƙahon babana ne. Wanzami ne shi, daga Kano ya zo ya zauna a Limanti, kuma da wannan ƙaho ya tsotse mataccen jini daga bayan rabin mazan unguwar. Na koyi aikin a hannunsa kafin in gudu zuwa fenti. Duk inda zan yi tafiya da shi nake tafiya, kamar yadda wani ke tafiya da carbi.

Ma'aikacin ya juya shi, ya leƙa ɗan ramin da ke tsininsa, ya tambaye ni mene ne. Turancina na allon shago ne, ba zai iya ɗaukar bayanin wanzanci ba. Sai na karɓa na kafa a baki na busa. Wata ƙara ta fita kamar an taka wa akuya wutsiya. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kayan kiɗa ne, in wuce. Na soka ƙahon a aljihu ina jin ni gwani ne. Da ya san alherin da zai yi mini, da ya haɗa shi da kifin.

Zango na biyu tashar bas ce, a babban birnin da jirgi ya sauke ni. Inna tana bakin aiki, mijinta Bukar direban babbar mota ne yana can wata jiha, don haka aka ce in hau bas zuwa garinsu. Azahar ta yi ina zaune. A tashar Kano ta Maiduguri, in salla ta kama ka, wanda ke kusa da kai kake cewa ga amana, ko ba ka taɓa ganinsa ba. Na duba gefena, ga wani dattijo fes da shi, har da laƙataye. Na nuna masa jakata, na nuna sama, na ɗaga hannu kamar mai kabbara. Ya gyaɗa kai da murmushi irin na mutanen kirki. Na sallame salla na dawo, babu dattijo babu jaka. Burusai goma sha biyu, manyan riguna uku, da turaren wuta da humrar da uwa ta aiko wa 'yarta, duk sun bi laƙataye. Abin da ya rage mini fasfo, da rigar jikina, da ƙaho.

Sanyin wurin nan kuwa ba sanyi ba ne, hukunci ne. Haƙorana suna kaɗawa har wani yaro ya fara rawa. Wata baƙar mata mai share tashar ta dube ni, ta tafi ta dawo da shayi mai zafi a kofin takarda da wata tsohuwar rigar sanyi mai warin sabulun wanke ƙasa. Ita ta kira mini Inna a wayarta, ita ta sa ni a bas ɗin da ya dace. Ban san sunanta ba. Har yau ina sa ta a addu'a da sunan Mai Tsintsiya.

Garin su Inna ƙarami ne, a jihar Ohio, kuma shiru gare shi kamar an yi rasuwa a kowane gida. Ba mai tallan ƙosai, ba keke mai hon, ba wanda zai ce maka wushe, sannun Barebari. Kwana uku ina zaune a ƙofar gida ina jiran maƙwabta su zo yi mini barka da zuwa. Wanda ya zo shi ne kurege.

Abin da ya riƙe ni a garin nan jikana ne, Babagana, ɗan shekara tara. A waya kawai na san shi. Hausarsa a karye take, Barbarcinsa ya fi ta karyewa, amma wasan jika da kaka bai buƙatar nahawu.

Na ce, "Kai ne ɗan ƙwal ɗin da ake cewa zai ƙwace mini mata?"

Ya ce, "Kaka, ka tsufa. Ya Falmata ta ce ni take so."

"Da me za ka ciyar da ita? Da wannan burodin mai cuku?"

"Kai ma da me? An sace jakarka."

Na ce wa uwarsa wannan yaro jinina ne, ba sai an gwada ba.

A daren farko da muka ci tuwo tare, Inna ta jera mini dokoki. Kada in ɗauki ɗan kowa. Kada in ba ɗan kowa alewa. Kada in tsawata wa ɗan kowa, ko na gan shi zai faɗa rijiya, in kira uwarsa. Na ce to a garin nan ɗa ba na kowa ba ne ke nan? Ta rage murya duk da ba kowa a gidan sai mu.

"Baba, a nan ɗa na hukuma ne. Mu riƙo aka ba mu. Akwai wasu mutanen ƙasarmu a garin da ke gaba, uban ya zane ɗansa da bel, malamar makaranta ta ga shaida. Yau wata nawa yaran suna hannun wasu."

Na yi dariya na ce ni da ko kaza ban iya yankawa. Ita ba ta yi dariya ba.

Asibitin yaran gida ne mai ɗakuna shida da dogon baranda, bangonsa fari fat kamar likkafani. Dole yaro ya yi kuka a wurin. Mai shi, Dakta Marta, doguwar tsohuwa ce mai furfura, ba ta cika magana ba, amma idonta ba ya wuce komai. Ta saya mini burusai da fenti, ta ce in zana abin da yaran garinmu ke so. Na fara da zakina. Yaro na farko da ya gan shi ya saki fitsari a wando. Dakta Marta ta ce ko zakin zai iya yin murmushi? Na ce ranki ya daɗe, shekara talatin bai yi ba, amma don ke zai gwada. Na cire masa haƙora na ba shi kumatu, ya koma kamar wani ɗan kasuwa da na sani a Kasuwar Litinin.

Daga nan hannuna ya saki. Na zana tafki da kwalekwale da masunta, na zana raƙumi yana leƙen tagar ɗakin allura, na zana keke mai ƙafa uku cike da awaki. Wani lokaci ina kan tsani ina shafa shuɗin ruwa sai in ji hawaye, in ce warin fenti ne. Bango na ƙarshe, wanda ke fuskantar ƙofar shiga, na ajiye shi don bijimin Kuri, irin na bakin tafki, mai ƙahoni kamar tulu.

Wuri ɗaya aka hana ni taɓawa, wata takarda da ke manne a baranda, da hoton yaro ya sunkuyar da kai da lambar waya a ƙasa. Na tambayi Inna. Ta ce doka ce a kan kowane likita da nas, in suka ga tabo a jikin yaro wanda ba su gane kansa ba, dole su kira lambar nan, in ba haka ba a karɓe takardar aikinsu. Na ce Allah ya kyauta, na zagaye takardar da furanni.

Ranar Asabar kuwa ta besbol ce. Wannan wasa, in ba ka gani ba, ba za ka yarda ba. Yaro ɗaya ya tsaya da taɓarya, wani ya auno shi da ƙwallo mai taurin dutsen guga. In ya make ta, sai ya yar da taɓaryar ya ruga yana taka wasu matasai guda uku har ya dawo inda ya tashi, su kuma sauran suna bin ƙwallon da safar hannu mai faɗin faifai. Tsakanin wannan da wancan kuma sai tsayuwa. Na taɓa yin barci na farka na tarar ba wanda ya motsa. Amma gidan Inna gaba ɗaya a kan wasan nan yake juyawa. Wankin farin wando ranar Alhamis, atisaye Talata da Juma'a, Bukar yana kira daga hanya yana tambayar sau nawa yaron ya buga. Babagana da safarsa yake kwana.

A kan bencin 'yan kallo na yi ƙawa, wata tsohuwa 'yar ƙasar Biyetnam mai suna Lan, wadda jikanta ke ƙungiya ɗaya da nawa. Turancinta bai fi nawa ba. Ta ga ina rawar ɗari, ta yafa mini rabin bargonta, tana nuna mini da yatsa lokacin da ake tafi da lokacin da ake cewa kash. Na sa mata Hajiya Lan.

Asabar ta biyar, Babagana yana riƙe da taɓarya, wani ƙaton yaro da na rantse yana da mata biyu ya sako ƙwallo. Babagana ya juya baya, ta same shi a ƙasan kafaɗa. Ƙarar har benci, kamar an daki buhun gero. Ya durƙusa, ya miƙe, ya taka a hankali zuwa matashi na farko, mutane suka hau tafi. Na ce wannan wace irin ƙasa ce, a jefi yaro a yi tafi?

Wurin ya kumbura ya yi baƙi. Inna ta yi ta ɗora masa ƙanƙara. Har Laraba ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ga babban wasansu ranar Asabar, koci ya ce in hannu bai tashi ba sai benci. Ya dawo daga makaranta ya zauna a ƙasa ya rungume safarsa yana kuka marar sauti. Inna tana asibiti, Bukar yana hanya. Daga ni sai shi.

Na taɓa wurin. Na san wannan ciwon kamar yadda na san sunana. Mataccen jini ne ya kwanta, ƙanƙara kuwa ƙara daskarar da shi take yi. Babana ya cire irinsa sau dubu.

Na ce, "Angon Ya Falmata, kana da zuciya?"

Ya ce, "Ina da."

Na wanke ƙaho da ruwan zafi, na ɗauko sabuwar reza a banɗaki. Na kafa, na tsotsa, na toshe, na cire, na yi 'yan tsage ƙanana, na mayar. Wuri uku. Yaron ya ciji matashin kujera, ko uhum bai ce ba. Jini ya fito baƙi kamar tsohon man inji. Da na goge masa, ya ɗaga hannu a hankali har sama, ya zaro ido.

"Kaka! Ya tafi!"

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na ƙara da maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta ba. Na ce, "Kada ka gaya wa uwarka. 'Yan boko ba sa son wannan. Sirrin maza ne." Ya ba ni hannu muka tafa.

Ban san cewa koci ba ya mayar da yaron da ya ji ciwo fili sai da takardar likita ba. Ranar Juma'a da hantsi ina kan tsani, na gama jikin bijimi na gama ƙaho ɗaya, sai ga Inna da Babagana sun shigo. Ya ɗaga mini hannu, wancan hannun, yana dariya. Suka shiga ɗakin Dakta Marta aka rufe ƙofa.

Na san tsawon duba yaro. Wannan ya wuce shi. Fenti ya bushe a kan burushina. Da ƙofar ta buɗe, Dakta Marta ta fito ta wuce ta ƙarƙashin tsanina ba ta ɗaga kai ba, ta shiga ofis, na ji tana danna waya. Inna ta fito bayanta, fuskarta kamar toka. Ta tsaya a gindin tsani ta yi mini magana da Barbarci, harshen uwarta, wanda ba ta yi mini shi sai abu ya ɓaci.

"Baba, me ka yi?"

An tambayi yaron, ya ce ƙwallo ce. Dakta Marta ta ce ƙwallo tana yin shaida zagayayya, amma ba ta yin guda uku a jere, kuma ba ta zuwa da reza. An tambayi Inna, wadda tun tana goye take ganin shaidar ƙaho a bayan mutane, ta ce ba ta sani ba. Wace 'ya ce za ta nuna ubanta da yatsa a gaban baƙi?

Kafin la'asar wata mata ta zo gida daga hukumar kula da yara, da jaka ruwan toka da murya mai laushi. Laushin nan ya fi tsawa ban tsoro. Ta leƙa firij, ta leƙa ɗakin yaro, ta keɓe da shi, ya sake cewa ƙwallo ce. Da ta nuna ni, Inna ta yi caraf ta ce tsoho ne baƙo, ba ya jin Turanci. Matar ta rubuta. Ta tambayi yaushe uban yaron ya bar gida, ta rubuta wannan ma, ta ja layi a ƙarƙashi. Da za ta tafi ta ce yaro an yanke shi da reza a gidan nan, kuma duk gidan ba wanda ya san wanda ya yi. In har zuwa Litinin haka maganar take, ba za ta iya barinsa ya ci gaba da kwana a nan ba. Ta ce Inna ta haɗa masa 'yar jaka, ko da za a buƙata.

Bukar ya ajiye mota a wata jiha ya taho. Tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa.

"Baba, kada ka ce komai. Kai baƙo ne, in suka kama ka ba mu san inda abin zai tsaya ba. Zan ce ni ne."

"In ka ce kai ne fa?"

"Za su fitar da ni daga gidan. Wataƙila su bar shi wurin uwarsa."

"Wataƙila?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Ina so in ce muku nan take na miƙe na buga ƙirji. Ƙarya ne. Ni Sale, da ake cewa ko a kabari sai na ba mala'iku labari, bakina ya mutu kwana biyu. Ina tuna gidan yarin da nake gani a talabijin ɗinsu. Kowa a gidan yana yi mini kara, ni kuma na lafe a bayan karar kamar ƙadangare a bayan tulu. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci wasa. 'Yar jakar tana bakin ƙofa, shuɗiya, an ɗora safar besbol a kanta. Duk inda na zauna a falon nan ita nake gani.

Ranar Lahadi bayan azahar ina zaune a bayan gida, Babagana ya zo ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke.

"Kaka, gidan da za a kai ni, sun san ba na cin alade?"

Na kawar da kai.

Ya matso ya rage murya. "Ban faɗa ba, Kaka. Sau uku matar nan tana tambayata. Ka ce sirrin maza ne."

Na dubi yaron nan ɗan shekara tara, yana shirin barin uwarsa da ubansa don ya riƙe amanar tsohon banza. A tasha na ba wa ɓarawo amana ya gudu da ita. Ga wanda na ɗora wa tawa, ta fi shi nauyi, ya ƙi saukewa.

Litinin da safe matar ta dawo, da wani ɗan sanda da ya tsaya a waje. Bukar ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Bukar, zauna." Karo na farko ke nan da na kira sunansa a gabansa. Na ce wa Inna ta gaya wa matar ina son tafinta, ba 'yata ba, don 'yata za ta rage. Matar ta kira wata lamba ta ajiye waya a tebur. Sai ga muryar wani saurayi, Hausarsa ta Damagaram.

Na fito da ƙaho na ajiye kusa da wayar. Na tuɓe riga, a gaban 'yata da surukina, abin da ban taɓa yi ba, na juya wa matar baya. Shaidar ƙaho ta shekara arba'in tana nan jere kamar gonar da aka yi wa shuka.

Na ce, "Ni na yi. Da wannan, da reza. Uwarsa ba ta nan, ubansa ba ya nan, ba su sani ba sai bayan an yi. Ubana ya yi mini, ni ma na yi wa jikana don hannunsa ya tashi ya yi wasa."

Saurayin ya ce, "Baba, ka tabbata in faɗa mata haka?"

"Faɗa, ɗan nan. Har tarin da na yi ka fassara."

Matar ta tambaye ni ko na san reza tana iya sa wa yaro cuta. Na ce yanzu na sani, likita ta yi masa allura saboda ni. Ta tambayi me ya sa yaron ya yi ta cewa ƙwallo ce. Na ce don ni na ce ya ɓoye, kuma wannan ya fi rezar muni, don tsagar baya ta kusa warkewa. Ta tambayi me ya sa iyayen suka yi shiru. Na ce, "Ranki ya daɗe, a garinmu 'ya ba ta tona ubanta, suruki ba ya tona surukinsa. Ba mugunta suke ɓoyewa ba, tsoho suke rufa wa asiri. Laifin tsohon ne da ya bari."

Ta daɗe tana rubutu. Ta fita ta yi waya, ta yi magana da ɗan sandan, ta kira Dakta Marta, wadda ashe tun Juma'a ta rubuta cewa shekara tara tana duba yaron nan ba ta taɓa ganin ko ƙwarzane a jikinsa ba. Da matar ta dawo ta ce yaro zai zauna wurin iyayensa. Amma ni ba zan ƙara kwana a gidan ba, ba zan keɓe da shi ba, har a rufe maganar. Ta sa safar roba ta ɗauki ƙahon babana, ta jefa a leda ta liƙe, ta rubuta lamba a jiki.

Inna ta ɗauke shuɗiyar jakar daga bakin ƙofa, ta zazzage kayan yaron, ta zuba nawa. Dama ba su da yawa, laƙataye ya rage mini aiki.

Zangona na ƙarshe ɗakin wani direban tasi ne ɗan Somaliya, a bayan masallacin garin, wanda ya ba ni katifa bai tambaye ni komai ba. Na sa aka matso da ranar komawata. Asabar ɗin ƙarshe na je filin wasa, amma ban hau benci ba. Labari ya zaga, na ga yadda iyaye ke jan 'ya'yansu in na gifta. Na tsaya can bayan waya, wajen da ake ajiye motoci. Can sai ga Hajiya Lan tana tahowa da bargonta. Ta tsaya gabana, ta ja wuyan rigarta ƙasa. A kafaɗarta ga shaida zagayayya guda biyu irin ta ƙaho, ja, sabuwa. Ta nuna kanta, ta nuna ni, ta gyaɗa kai. Ta yafa mini rabin bargo muka tsaya tare. A nan na ga Babagana ya make ƙwallo ta wuce kan ƙaton yaron nan, ya ruga, ya taka matashi na biyu, ya juyo yana neman wani a benci. Bai same ni ba sai da ya duba bayan waya. Ya ɗaga hannun har sama.

Bangon kuwa ranar Lahadi na ƙarasa shi, lokacin da ba yara. Dakta Marta ce ta buɗe mini. Ta ce ba ta da zaɓi a kan wayar da ta yi. Na ce na sani, kuma da jikana a hannun wani yake, da ita zan so ta duba shi. Na gama ciyawa, na gama ruwa, na wanke burusai. Ta tsaya ta dubi bijimin.

"Ƙahonsa ɗaya. Ina ɗayan?"

Na ce, "Yana wurin hukuma, a cikin leda."

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta, sannan ta cire tabarau tana goge ido.

Yanzu ina Moduganari, a ƙofar shagona, ina ba mutane labarin kare mai unguwa da dattijo mai laƙataye, suna cewa Sale ka fara. Labarin ƙaho ne ban cika bayarwa ba. Wata biyu da dawowata Inna ta kira ta ce an rufe maganar, ta kuma turo hoto a wayar Ya Falmata. Babagana ne a barandar asibiti, da farin wando da hular wasa, ya hau kujera a gaban bijimina. Ya ɗaga taɓaryarsa ya kafa ta a kan bijimin, daidai inda na bar wurin babu komai.